Ƙullin da Ya Zo daga Gabon

Tana cikin shara ne, da baya da baya kamar yadda ta saba, ta ci karo da sawun. Davi Enyonam ba ta shara tana fuskantar gida. Daga bakin titi take farawa, a sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu, ta riƙa ja da baya har ƙofarta, tsintsiyar kwakwa tana barin zane a kan yashi kamar ɓawon kifi. In ta gama, ko sawunta ba ka gani. Duk abin da ya taka wurin bayan nan, kaza ce, ƙaguwa ce, mutum ne, sai ya bar mata sunansa. Da safe kafin tsintsiya ta wuce, sai ta karanta.

"Malam!" ta ƙwala mini kira ta kan katanga. "Fito ka ga wani abu. Ajiye shayin nan, ba gudu zai yi ba."

Na fito. Maƙwabta muke tun ina koyarwa, kuma marigayi mijinta Agbeko abokina ne tun muna yara, saboda haka ba ta jin nauyin tayar da ni daga kujera.

"Duba nan. Takalmi ne mai rufi, dunduniyar hagu ta cinye. Waye a garin nan ke sa takalmi mai rufi ba ranar Lahadi ba?"

"Ƙila mai karanta mitar wuta ne."

"Mai karanta mita tsayawa yake yi yana tunani? Dubi yadda sawun ya nutse. Ya daɗe a tsaye a ƙofata, bai ƙwanƙwasa ba. Daga nan bi shi da ido."

Na bi. Sawun ya kewaya gefen gidan, ya shiga filin da babu gini, ya tsaya a tsakiya, sannan ya juya ya nufi teku.

"Filin Selom," ta ce, tana nufin ɗanta. Ta buga gindin tsintsiyar a tafin hannunta. "In ka ga kare yana shinshinar takalmi, Malam, ɗauka zai yi."

Nekofe gari ne da shiru ya yi wa yawa. Muna yara garin masunta ne, da hayaƙin banda da ihun masu jan taru. Teku ta zo ta cinye layin gidajen farko, ta huta, ta dawo ta cinye tsohuwar coci da layukan da ke bayanta. Abin da teku ta bari, mutanen Lome suka saye. Suka sare kwakwa, suka ja dogayen katangu, suka dasa jajayen furanni a kai, suka kulle, suka koma birni. Sai ƙarshen mako suke zuwa, shi ma ba kullum ba. Da tsakar rana kana iya bin titin daga tasha har bakin ruwa ba ka haɗu da kowa ba sai ƙadangare, ba ka ji komai ba sai numfashin teku, tana ja tana saki kamar tsohon da barci ya kwashe a kujera. A irin wannan gari baƙo kamar tsakuwa yake a cikin shinkafa, kowane haƙori sai ya ji shi.

A tsakanin katangun nan gidan Davi Enyonam yake, ƙarami, rufin kwano da gishirin iska ya ci. Man kwakwa take yi. Ta goge, ta matse, ta dafa a kan wuta mai sanyi har ya fito garau, kana ganin gindin kwalba ta cikinsa. Mace ce gajera, mai kaurin hannu, wadda ba ta sayen kifi sai ta buɗe masa kunne ta leƙa, ba ta karɓar gaisuwa sai ta juya ta ta ga bayanta. In ka ce mata yau ta yi kyau, sai ta ce, "Me kake so?" Ba haka aka haife ta ba. Na san ta tana budurwa, mai dariya har ta riƙe ciki. Amma wadda ta kwanta teku tana can nesa, shekaru suka tashe ta da ruwa a tsakar gidan ubanta, ta daina yarda da abin da ke tafiya a hankali.

Ɗa ɗaya ta haifa, Selom. Yana saurayi ya bi jirgin ruwa zuwa Gabon neman aiki, kamar yadda samarinmu da yawa suka yi. Da farko ana jin labarinsa a bakin masu dawowa. Daga baya labarin ya yi siriri, ya tsinke. Shekara ashirin da wani abu ke nan. Kafin ya tafi ubansa ya yanka masa filin da ke jikin gidan, a gaban dangi, don ya yi gini in ya dawo. Filin nan shi kaɗai ya rage a layin wanda katanga ba ta haɗiye ba, kuma masu motoci suna rage gudu in sun zo daidai shi.

Gameli, ƙanin Agbeko, shi ne babban gida yanzu, mai faɗa a ji a dangi. A Lome yake zaune, yana sayar da kayan gini. Ya sha cewa filin nan asara ce a bar wa ciyawa, ko teku ma ba jira za ta yi ba. Amma a wurinmu ba a taɓa ƙasar mai rai, kuma wanda ya tafi nesa mai rai ne har ranar da aka kawo gashinsa da faratansa gida aka binne. Kafin wannan ranar babu makoki, babu rabon gado. Duk lokacin da Gameli ya tayar da maganar, amsarta ɗaya ce: "Kawo mini gashinsa da faratansa." Wannan magana ita ce garkuwarta. Ita ce kuma ƙofar da ta bari a buɗe, domin gashi da farce ba su da wuyar samu, kowane wanzami yana sharewa ya zubar. Ta san haka. Shi ya sa take share yashi.

Kafin rana ta take mun san mai takalmin. Fafali, mai ɗan masaukin baƙi na kusa da tasha, ita ta kawo labarin da kanta, wai ta zo sayen mai, ba ta ma zo da kwalba ba.

"Sunansa Dotse. Harshenmu yake yi, amma da karin mutanen tudu. Ba yaro ba ne, akwai furfura a gemunsa. Wai ya zo shan iskar teku ne."

"Iskar teku," Davi Enyonam ta ce. "Ta Lome ta ƙare ne?"

"Ke dai bari, Davi. Na kai masa ruwan maraba, ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye. Bai sha ba, bai zuba a ƙasa ba. Na leƙa daga baya, sai na gan shi yana tsotson ruwan leda na shago. Ruwan gidana ne ke da guba?"

"Sai me kuma?"

"Yana da wata 'yar baƙar jaka. Ba ta taɓa ƙasa. In ya shiga ɗaki a ƙusa yake rataye ta, in zai ci abinci a cinya yake ɗora ta. Kuma..." Fafali ta waiwaya, ta rage murya. "Yana yi mata magana. Da zai tsallake bakin ƙofa na ji shi da kunnena, ya ce, yanzu za mu shiga ɗaki."

Hannun Davi Enyonam ya tsaya a kan magogin kwakwa. Mu duka mun san wa ake yi wa magana haka. Mai ɗauke da gashin mamaci yakan gaya masa kowace gada da kowace ƙofa, don kada ya ɓace a hanya, kuma ba ya shan ruwan gidan kowa sai ya sauke amanarsa.

Ta ci gaba da guga, da ƙarfi fiye da da.

"Wannan ko akuyar garin nan ta sani," ta ce. "Gameli ma ya sani. Wanda zai sayar maka da jabu, ai ya fi mai na gaske sanin yadda na gaske yake."

Baƙon ya yi 'yan kwanaki yana yawo a garin, mu kuma muna binsa da ido ta tagogi. Da safe yakan je bakin ruwa ya kalli 'yan masuntan da suka rage suna jan taru. Duk wanda ya tsaya kusa da igiya ya kama ya ja, haka aka saba, amma shi yana rungume da jakarsa, bai kama ba. Yakan bi layin katangu a hankali, ya tsaya, ya dubi teku, ya dubi gari, kamar mai auna wani abu. Ya tambayi mai shago inda tsohuwar coci take, mai shago ya nuna masa ruwa da haɓa. Ya daɗe yana kallon wurin, inda babu komai sai kumfa. Garin ya ƙara yin shiru saboda shi. Mata suka daina hira a bakin famfo in ya doso.

Davi Enyonam ba mai jiran a same ta ba ce. Wata hantsi ya zo wucewa ta ƙofarta, sai ta tare shi, ni ina zaune a kan bencinta.

"Bawan Allah, ka wuce ƙofar nan har yashi ya san ka. Shigo mana mu ma mu san ka."

Ya cire hula. Dogo ne, ramamme, da idanun wanda ya daɗe bai yi barci mai kyau ba. A bakin ƙofa ya ɗan dakata, leɓɓansa suka motsa, sannan ya shigo. Ta ga haka, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta miƙa masa. Ya karɓa, ya riƙe.

"Sha mana. Ruwan rijiyata ne, ba gishiri."

"Na gode, Mama. Ba yau ba."

"Azumi kake yi?"

"A'a, Mama."

"To me ke tafe da kai?"

"Bakina ba zai buɗe ba sai babban gida yana zaune. Kin fi ni sanin haka."

"Ni ban san komai ba, man kwakwa kawai nake yi. Wa ya nuna maka ƙofata? Garin nan ba ya nuna wa baƙo ƙofata."

"Kwatance aka yi mini, tun da daɗewa. An ce in na sauka a tasha in nemi coci, in bi bayanta, in wuce layi biyu na gidaje, zan ga gida mai bishiyar fasadabur a ƙofa. An ce daga gidan ba a ganin teku, jin ta kawai ake yi." Ya waiwaya ta ƙofa, inda teku take kwance a buɗe, shuɗiya, jifa ɗaya daga inda muke. "Shi ya sa na yi ta yawo, Mama. Na zo da garin da babu shi."

Haka garin yake ranar da Selom ya tafi, har bishiyar, wadda iska ta kayar tuntuni. Na dubi Davi Enyonam. Fuskarta kamar ƙofar ɗaya daga cikin gidajen mutanen Lome.

"Ka iya magana," ta ce. "Ba ni ƙoƙona."

Da ya fita ta zubar da ruwan a gindin barkono, ta wanke ƙoƙon.

"Enyonam," na ce, "wannan kwatancen..."

"Gameli a ina aka haife shi? A Faransa? Ba a ƙarƙashin fasadabur ɗin nan ya karya haƙori ba? Abin da Selom ya sani game da garin nan, kawunsa ya riga shi sani."

Kashegari Fafali ta dawo da sabon kaya. Wani ɗan acaba ya rantse mata cewa kafin baƙon ya zo Nekofe, ya gan shi a Lome, a ƙofar shagon Gameli, suna magana kai da kai.

"Ka ji ko, Malam? Biri ya yi kama da mutum."

"Ai dole ya fara zuwa wurin babban gida. In da bai je ba, da kin ce bai san al'ada ba."

"Da na ce." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ka ga inda suka ajiye ni ke nan. Duk abin da mai gaskiya zai yi, shi maƙaryaci zai yi."

Ranar Asabar da yamma na same ta zaune a bakin filin, tukunyar mai tana kan wuta ba wanda ke kula da ita. Ban taɓa ganin ta bar mai shi kaɗai ba. Rana tana gangarowa, ta bi ta kan ciyawa kamar hannun da ke shafa kan yaro. Gameli ya aiko cewa gobe bayan an tashi daga coci zai zo, a kira ni shaida.

"In gaskiya ne fa?" na ce.

Ta bi filin da ido.

"In ƙarya ne na karɓa, na binne ɗana da ransa, da hannuna. Ranar da zai dawo sai ya tarar da katanga da kare a inda zai sa kansa, an ci shinkafar makokinsa tuntuni. In kuma gaskiya ne na ƙi, to ya yi tafiyar nan duka, ya tsallake ruwa, ya zo ƙofar uwarsa, uwarsa ta ce ba ta san shi ba. Zai kwana a rataye a ƙusa a gidan Fafali." Ta tsinke wata ciyawa, ta tauna. "Kai da ka yi karatu, wanne ya fi sauƙi?"

Ba ta jira amsata ba. Ta tashi ta je ta sauke tukunyar. Man ya ƙone.

Gameli ya iso da rana tsaka, motarsa ta tattake zanen sharar tun daga titi har ƙofa. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, wanda ke shiga ɗaki da murya kafin ƙafa. Yau ya sa baƙar riga, ya zo da kwalbar barasa a hannu.

"Matar Yaya, kina nan kina ƙara ƙuruciya."

"Kai kuma kana ƙara tumbi. Siminti kake ci?"

"Bakin nan naki, shi ya hana ni gadon ki."

"Ka gaji abin da za ka iya ɗauka. Zauna, kujerar ba ta sayarwa ba ce."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Muka zauna a ɗan falonta: ni, shi, ita, da Dotse da jakarsa a cinya. An rufe taga saboda iska, ɗakin ya yi duhu-duhu, yana ƙamshin kwakwa. Gameli ya zuba barasa a bakin ƙofa, ya kira sunayen waɗanda suka riga mu, sannan ya ce wa baƙon, "Gida lafiya. Kai ne da tafiya, faɗi."

Dotse ya miƙe tsaye. Ya ce a wani wurin yankan katako suka haɗu da Selom, can cikin daji, nesa da birni. Shekaru suna kwana ɗaki ɗaya. Ya ce ciwon ƙirji ne, ya daɗe yana cinsa, ya tafi da shi a daminar da ta wuce. 'Yan ƙasarmu da ke can suka haɗu suka binne shi, suka yanke abin da ake yankewa, suka jira mai zuwa gida. Shi ne mai zuwa gida.

"Duk shekarun nan," ta ce, "ba baki gare shi ba? Ko saƙon gaisuwa?"

"Kunya, Mama. Kullum cewa yake sai ya tara abin gini. Ya ce ba zai aiko da gaisuwa hannu wofi ba."

"Wannan amsar kowace uwa za ta karɓa. Wa ya koya maka ita?"

"Matar Yaya!" Gameli ya ce.

Dotse ya buɗe jakar, ya fito da wani ɗan ƙulli na farin ƙyalle, bai fi ƙwan agwagwa ba, ya ce a hankali, "Mun iso." Ya durƙusa ya ajiye shi a kan tabarma a gaban Gameli. Da ya miƙe sai ya ce, "Mama, yanzu in akwai ruwan nan."

Ta ba shi. Ya zuba kaɗan a ƙasa, ya kafa kai, ya shanye, ruwa yana bin gemunsa. Ita kuwa maƙogwaronsa take kallo yana hawa yana sauka, kamar yadda take kallon kunnen kifi.

Gameli ya miƙa hannu zai ɗauki ƙullin, ta riga shi.

"Ajiye! Uwa ba ta buɗe wannan, kin sani."

"Uwa ce ta fara yanke masa farce, da haƙorinta. Ina kake a lokacin?"

Ta tura taga da gwiwar hannu, haske ya shigo tare da ƙarar teku. Ta kwance ƙullin a tafin hannunta. 'Yan farata ne masu kauri, sun yi rawaya, da ɗan curin gashi. Ta kai shi kusa da ido. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta yi ajiyar zuciya, har wani ɗan murmushi ya taɓa bakinta.

"Kun yi kuskure," ta ce. "Wannan gashin tsoho ne. Ku duba, rabinsa fari. Ɗana kansa baƙi ƙirin ne kamar gindin tukunya, ko sili ɗaya babu. Gameli, da za ka yi, ai da ka je wurin wanzamin samari."

Dotse ne ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Mama, ni da shi sa'annin juna ne."

Ta ɗago ta dube shi. Ta dubi furfurar gemunsa, da ramin kumatunsa, da jijiyoyin da suka fito a bayan hannunsa. Na ga shekarun nan ashirin da wani abu sun shigo ɗakin a lokaci guda, sun tsaya a gabanta. Ita saurayi take share wa yashi. Ba ta taɓa barin sa ya tsufa ba.

Ta zauna. Ta damƙe abin da ke tafin hannunta.

"Da wane hannu yake cin tuwo?"

"Dama."

"Kowa ma. In ya yi dariya, yaya yake yi?"

Dotse ya yi tunani. "Ban sani ba, Mama. Ban cika ganin ya yi ba."

"Me yake cewa game da ni?"

"Ba ya yawan magana. Sau ɗaya dai wani ya kawo man kwakwa na kwalba daga birni, ya shinshina, ya ce wuta ta yi masa yawa. Ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba."

Ta runtse ido. Ko ta yarda, ko tana neman inda aka ɗinke maganar ne, ban sani ba. Ni kaina har yau ban sani ba. Na dubi Dotse na ga mutumin da ya gaji. Na dubi Gameli na ga idonsa ya yi ja, kuma Selom ɗan wansa ne, shi ya koya masa iyo. Amma na taɓa ganin idon Gameli ya yi ja a kan cinikin bulo.

Gameli ne ya gyara murya.

"Haƙuri za mu yi, matar Yaya. Allah ya bayar, Allah ya karɓa. Zan yi magana da fadan coci a kan wuri a maƙabarta, kusa da ubansa. Makoki kuwa kada ki damu, za a yi shi yadda garin nan bai taɓa gani ba, da rumfuna da 'yan kiɗa. Nauyin yana da yawa, amma akwai hanya. Akwai wani mutumin kirki da ya daɗe yana..."

"Yana rage gudu a gaban filin," ta ce.

"Me?"

"Ba komai. Ci gaba, ina jin ka."

Bai ci gaba ba.

Ta mayar da faratan da gashin cikin ƙyallen, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle, ta ja ƙullin da haƙori. Da ta yi magana, muryarta ta dawo irin ta kullum, irin ta mai ciniki a bakin tukunya.

"Na karɓa."

Gameli ya sauke numfashi.

"Amma ba za a kai shi maƙabarta ba. Ubansa ya ba shi wuri ya ce ya dawo ya zauna a ciki. To ga shi ya dawo. A filinsa za a sa shi, a tsakiya. A zuba siminti, a kafa dutse da sunansa, babba, wanda mai mota zai iya karantawa ba sai ya sauko ba. Simintin kai za ka kawo, tunda shi kake sayarwa."

"Haba, matar Yaya! Wa ke binne mutum a gida yanzu? Wa zai..." Ya haɗiye sauran.

"Wa zai me? Ƙarasa mana. Kakanka a ina yake kwance kafin teku ta ɗauke shi? Ba a tsakar gida ba? Kai ne babban gida, faɗa wa Malam in al'ada ta hana."

Gameli ya dube ni. Na ce al'ada ba ta hana ba. Mu duka mun san babu mutumin Lome da zai gina gidan hutu da kabari a tsakar falonsa.

"In ɗana ne," ta ce, "ya kwanta a nasa, ina ganinsa daga taga. In ba ɗana ba ne, ɗan wata ne, shi ma ya daɗe a hanya. Sai ya riƙe wa Selom wurin har ya zo, su daidaita tsakaninsu."

Ta juya ga Dotse, ta kafe shi da ido, tana jiran ta ga ko zai dubi Gameli. Bai dube shi ba. Ƙasa yake kallo, hularsa a hannu, jakar da babu komai a cikinta tana kwance a gefen ƙafarsa.

"Kai kuma ba za ka tafi ba sai an rufe ramin. Kai za ka fara zuba ƙasa. In ka san abin da ka kawo, hannunka ba zai yi rawa ba."

"To, Mama."

Ta miƙe. Ta ɗaure ƙullin a haɓar zanenta, ta cusa shi ciki, a jikin fatarta. Gameli ya buɗe baki zai ce a hannun babban gida yake kwana, ta dube shi sau ɗaya, ya rufe. Ta taka zuwa ƙofa. A nan ta tsaya, hannunta a kan ƙugu inda ƙullin yake, ta sunkuyar da kai.

"Yanzu za mu fita," ta ce, ba da mu take ba. "Akwai ɗan tudu a bakin ƙofar, ɗaga ƙafa."

Ta ɗaga labule ta fita.